Kukan magariba: yaro lafiya lau da rana, yamma na yi sai ya birkice

Wata maijego ce daga Ƙofar Marusa a birnin Katsina ta turo tambaya, ga ta a taƙaice. Haihuwarta ta fari ce, namiji, sati biyar, tana gidansu wajen wanka. Da rana babu matsala, ya sha nono ya yi barci, amma daga la'asar sakaliya sai ya fara mutsu-mutsu, kafin a kira magariba ya ɓarke da kuka, ya dunƙule hannu ya naɗe ƙafafu fuska ta yi jawur, a ba shi nono ya kama ya saki, haka har wajen sha ɗaya na dare. Kakarshi ta ce nonon ne bai isarshi, wata gwaggo ta ce beli ne a kira wanzami, maƙwabciya ta kawo Gripe Water, babanshi ya ce zai sawo madarar gwangwani. Ta ce wani lokaci ita ma zama take ta yi ta kuka tare da shi. Mi ke damunshi, mi za ta yi?

Tau ƙanwata barka da arziki, Allah ya raya mana shi ya ba ki lafiyar shayarwa. Ni nas ce kuma ungozoma, aikina tsakanin ɗakin haihuwa ne da ɓangaren yara, kuma wallahi da wuya sati ya wuce ban ji wannan ƙorafin ba, kusan da kalmomin da kika faɗa. Abin da zan rubuta ba zai maye gurbin a duba shi ido da ido ba, amma yadda kika siffanta shi, yaro na shan nono sosai da rana, yana barci, yana fitsari, kukan kuma kullum kusan lokaci ɗaya yake zuwa, wannan ya fi kama da kukan da jarirai da yawa ke yi a watannin farko, wanda likitoci ke ce ma kolik. Ba cuta ba ce kuma yana wucewa. Ni abin da ya fi ba ni tsoro ba kukan ba ne, abubuwan da ake ɗura ma yaro ko a yi mashi don a tsayar da kukan, su ne ke kawo mana yara asibiti a galabaice.

Abin da ba a cika gaya ma masu haihuwar fari ba shi ne kukan jariri yana da hawa da sauka. Satin farko barci ne kawai, shi ya sa ranar suna kowa ke cewa kai wannan yaro akwai haƙuri. Daga sati na biyu kukan zai fara ƙaruwa, ya yi ta hawa har ya kai ƙarshen tsananinshi wajen sati shidda, sannan ya fara sauka a hankali, zuwa wata ukku ko huɗu yawancin yara sun bari. Lafiyayyen yaro da babu abin da ke damunshi, in ya kai sati shiddan nan, yana iya yin kukan da in aka tattara zai kai awa biyu ko fiye a yini, kuma mafi yawa tsakanin la'asar da tsakar dare. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka mai suna Morris Wessel ya kawo ma'aunin da har yau ake ambato, wato kukan da ya wuce awa 3 a rana, kwana 3 ko fiye a sati, har tsawon sati 3, ga yaron da ke ci yana girma. Kusan jariri ɗaya cikin biyar yana faɗawa wannan sahun, kuma in aka bincike su, waɗanda ake samu da wata cuta ta zahiri ba su kai biyar cikin ɗari ba. Bakwaini shi lissafinshi daban ne, daga ranar da ya kamata a haife shi ake fara ƙirga satin. Naki yana sati biyar, kinga kenan kina gab da wurin da ya fi zafi, sauran ɗan hawa kaɗan sai gangara.

Mi ya sa sai da yamma? Abubuwa ne suka taru. Ƙwaƙwalwar jariri a wannan lokacin ba ta iya toshe hayaniya da haske ta kwantar da kanta ba, kuma bai san dare da rana ba tukuna, sinadarin da ke sa mutum jin barci da dare sai wajen wata biyu zuwa ukku jikinshi ke fara tsara shi. Yaron sati biyar ko shidda, in ya yi awa ɗaya ko ɗaya da rabi ido biyu ya gaji, in aka wuce nan ba a kwantar da shi ba sai gajiyar ta koma kuka, kukan kuma ya hana shi barcin. Yanzu ki duba gidanku da yamma. Lokacin ne 'yan barka ke shigowa, wannan ta ɗauka ta miƙa ma waccan, kowa da irin turarenta, kowa sai ta ɗaga shi ta ce wa ya biyo, yara sun dawo daga islamiyya suna guje-guje, an hura wutar tuwo hayaƙi ya cika tsakar gida, an sa turaren wuta a ɗaki, in an kawo wuta an kunna talabijin, in ba a kawo ba janareta, ga zafin da bango ya sha tun safe ya fara dawowa ciki, ke kanki kin gaji kuma ruwan wankan yamma na jiranki. Babba ma a wannan lokacin kanshi na ɗaukar zafi balle ɗan sati biyar.

Amma kafin ki ce tau kolik ne ki kwantar da hankali, akwai alamun da in kin ga ko guda ɗaya, ba maganar jira gari ya waye, ba maganar kemis. Na farko zazzaɓi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki irin na sawa a hammata, ba tsada gare shi ba, ki daina dogara da bayan hannu. Yaron da bai kai wata ukku ba in zafin jikinshi ya kai 38, asibiti ne a daren nan, kada wani ya ce maleriya ce a ba shi sirop a gani, a wannan shekarun ƙwayar cuta na iya shiga jini ko ƙwaƙwalwa cikin awoyi kaɗan. Haka in jikin ya yi sanyi ƙalau fiye da kima. Sai ƙin shan nono gaba ɗaya, ba irin kama-saki na yamma ba, a ce sau biyu ukku a jere ya ƙi karɓa har da rana. Amai kore ko amai mai feshi da ƙarfi bayan kowane shan nono, jini a kashi, ciki ya kumbura ya yi tauri, madiga ta taso ta cika ko ta faɗa ciki sosai, jijjiga ko sandarewa, numfashi da sauri har sau 60 ko fiye a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ki ga ƙasan haƙarƙarinshi na lotsawa in ya ja numfashi, ido da tafin hannu sun yi ɗorawa, cibiya na ruwa tana wari. Sai kuma wanda mutane suka fi rainawa: yaron da ya yi laushi, kukan ya koma siriri ko ya bar kukan gaba ɗaya sai barci, ana tada shi da ƙyar. Mu a wajen aiki mai ihun nan da ƙarfinshi bai tada mana hankali kamar wanda ya yi shiru. In kina cikin gari ga asibitin Turai na mata da yara, ga Janar, ga asibitin koyarwa na tarayya, mutanen Daura su ma suna da babban asibiti kusa, kowanne ya fi kusa da ke ki nufa.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, yau da ya fara kukan ki tuɓe shi tsirara a wuri mai haske, ko ki haska fitilar waya, ki bi jikinshi tun daga kai har tafin ƙafa. Ki buɗe yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, da na hannu, da gabanshi, saboda silin gashi ko zaren safa yana naɗe yatsa ya shige cikin fata har ba a ganinshi, sai dai ki ga kan yatsan ya kumbura ya yi ja, kuma maijego gashinta na zuba. Ki duba matsematsinshi da marainanshi ko akwai kumburin da ke fitowa in yana kuka, in ya yi tauri ya ƙi komawa wannan ma na gaggawa ne. Ki duba wuya da hammata da bayan kunne ko ƙurajen zafi ne, ƙasan famfas ko ya sale, cikin baki ko akwai farin abu manne a harshe da kumatu wanda ba ya gogewa, ki kakkaɓe shimfiɗa ko cinnaka ne. Sannan kayan jikinshi. Mu nan muna da son naɗe jariri, hula da safa da rigar sanyi da shawul a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40. Ki sa hannu a ƙeyarshi ko ƙirjinshi, in da gumi kayan sun yi yawa, kada ki bi sanyin tafin ƙafa, na jarirai dama haka yake. Lokacin hunturu ne yake buƙatar ƙari, shi ma riga ɗaya bisa abin da ke kika sa ta wadatar.

Yanzu maganar Hajiya kakarshi cewa nono bai isarshi, a nan zan daɗe don nan ne aka fi yin ɓarna. Gaskiya ne da yamma za ki ji nonon ya yi laushi ba kamar da asuba ba, kuma zubarshi ta fi sanyi, shi ya sa yaro ke kamawa ya ja ya ja ya saki ya yi fushi ya sake nema. Laushi ba ƙarewa ba ne. Nono ba randa ba ce da za a kwashe ta ƙare, rijiya ce, ana ɗiba tana ƙara kawowa, kuma wanda ke fita daga nono mai laushi ya fi maiƙo. Wannan tsotson na kusa da kusa da yamma, kowane minti ashirin ko talatin, ɗabi'ar jarirai ce, da shi suke gaya ma jikinki ya ƙara yawan na gobe. In kina son sanin ko yana ƙoshi ba kukan za ki duba ba, famfas za ki duba da sikeli. In yana jiƙa famfas ko nafkin sau shidda ko fiye a kwana ɗaya, fitsarin fari ba ja ba, kina jin ƙarar haɗiya in yana sha, kuma nauyinshi na ƙaruwa da kamar giram 150 zuwa 200 a sati, tau nononki ya isa har ya yi yawa. Ki je da Hajiya wajen awo ta ga sikelin da idonta, ya fi ki tsaya kina musu da ita, uwa ce, tausayin jikanta ne ke sa ta magana.

Madarar gwangwani ba ta maganin wannan kukan, yaran da ke shan ta su ma suna yi. Abin da za ta jawo shi ne ya rage tsotso, nononki ya ragu da gaske, sai a ce ai dama mun faɗa. Ga kuɗi, ga wanke fida da tafasa ruwa, in aka yi sakaci kaɗan gudawa. Ruwa ma bai buƙata ko ana tsananin zafi, kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsaya kan nono zalla har wata shidda. Ke ce za ki sha ruwa ki ci ki ƙoshi. Kunun kanwa kuma da za a ce ki yi ta sha don nono ya kawo, ki sassauta, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ba kanwa ya ishe ki.

Naɗe ƙafafu da fitar da tusa da kike gani shi ke sa kowa ya ce ciwon ciki ne. Sau da yawa juyin abin ne, kukan ne ke sa ya haɗiyi iska, ba iskar ce ta fara sa shi kuka ba, kuma kowane jariri in yana kuka da ƙarfi haka yake dunƙulewa. Duk da haka ki riƙa sa shi gyatsa, ki ɗora shi a kafaɗa kina shafa bayanshi bayan kowane nono, in minti biyu ukku bai yi ba ki ƙyale. Ki lura da kamun nonon, bakin ya buɗe sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, leɓen ƙasa ya juyo waje, in kina jin yana tsat-tsat ko kan nonon na maki zafi kamun bai yi ba, ki sa ƙaramin yatsa gefen bakin ki cire ki sake ba shi. Ki bari ya gama da ɗaya kafin ki juya shi. Yunƙuri da nishi kafin kashi shi ma ba taurin ciki ba ne matuƙar kashin da ya fito mai laushi ne, kuma mai shan nono zalla bayan sati shidda yana iya kwana da yawa bai yi ba lafiya lau, dan Allah kada a tura mashi sabulu ko wani abu ta ƙasa. Akwai 'yan ƙalilan da jikinsu bai karɓar madarar shanu da uwa ke sha, su yawanci za a ga ɗigon jini ko majina a kashi, ƙuraje masu ƙaiƙayi a kumatu, yawan amai. In kin ga haka ki gaya ma likita, yana iya cewa ki bar madara da kindirmo da yogot na sati biyu zuwa huɗu a gani. Ban da wannan kada ki bari a hana ki wake yau a hana ki yaji gobe har ki rasa abin ci. Shayi mai kauri da goro da lemun kwalba mai kola ne kawai zan ce ki rage daga azahar.

Tau mi za ki yi in yamma ta yi? Ki riga kukan. Tunda kin san lokacinshi, wajen ƙarfe huɗu ki shige ɗaki da shi, ki rage haske, a kashe turaren wuta, 'yan barka su yi haƙuri su leƙa shi a hannunki, Hajiya ce za ta iya faɗa masu ba ke ba. Ki koyi alamun gajiyarshi, suna zuwa kafin kuka: zai yi hamma, ya kauda kai in ana mashi wasa, ido ya tsaya wuri ɗaya, hannuwa su fara fizga. Da kin ga haka ba lokacin wasa ba ne, ki ba shi nono ki rungume shi. In ya riga ya ɓarke, ki cire mashi riga ki bar famfas, ki manna shi a ƙirjinki fata da fata, ki miƙe ki yi ta tafiya cikin ɗaki ba tsayawa, kina shhh kusa da kunnenshi da ɗan ƙarfi, ko ki bar fanka na kaɗawa ba saitinshi ba, ƙara mai tafiya bai ɗaya tana kwantar da su don a cikin ciki ma ba shiru suka saba da shi ba. Wani bincike da aka yi a Japan a 2022 ya nuna tafiyar minti biyar da yaro a rungume tana sa mai kuka ya lafa, kuma in ya yi barci a zauna da shi minti biyar zuwa takwas kafin a kwantar, in aka yi saurin ajiyewa farkawa yake. Wannan zaman na ƙarshe shi ne yawancinmu ba mu da haƙurinshi. Wani yaron kuma ya fi son a kifa shi bisa damtsen hannu, kanshi wajen gwiwar hannu, cikinshi a tafin hannunki, kina ɗan lilo da shi. Wani sai an sa shi a ruwa mai ɗumi, wanda kika gwada da gwiwar hannunki ba mai tururi ba. Kowanne kika ɗauka ki ba shi minti goma kafin ki canza, saurin canje-canje shi ma rikita su yake.

Goyo kuma kada ki yarda wani ya ce za ki sangarta shi. A Kanada a 1986 an gwada, aka sa wasu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu a yini, da suka kai sati shidda kukansu ya yi ƙasa da na sauran da kashi 43 cikin 100, abin da kakanninmu ke yi da zani da majanyi ba tare da an rubuta ba. Sirrin shi ne a riƙa ɗaukarshi tun da rana yana cikin daɗinshi, ba sai ya fara ihu ba. Sai dai ɗan sati biyar wuyanshi bai tsaya ba, zanin ya tallafe ƙeya, fuska a juye gefe hanci a buɗe, kuma ba a goya shi a tsaya gaban murhu. In za a kwantar da shi barci kuma rigingine, bisa shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo ba tarin zannuwa, cikin gidan sauro. Maganin sauro na kunnawa a ɗakin jariri a'a.

Wata rana duk za ki yi wannan ya lafa, wata rana ki yi duka ya ƙi. Ranar da ya ƙi ba ke kika kasa ba, haka abin yake, riƙon da kika yi mashi yana kukan ma aiki ne.

Maganin kemis fa? Gripe Water ba a tabbatar yana rage wannan kukan ba, zaƙinshi ne ke sa yaro shiru na ɗan lokaci, kuma ya karya maki nono zalla. Ɗigon maganin iska da ake sayarwa shi ma da aka gwada bai fi ruwan banza ba. Masu haɗari su ne na sa barci, Piriton da Phenergan da sirop ɗin tari, waɗannan suna iya danne numfashin jariri, Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba kwata-kwata. Farasitamol ba maganin kuka ba ne, kuma yana ɓoye zazzaɓin da muke son gani. Masu ɗan shekaru za su tuna My Pikin, sirop ɗin haƙori da ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008 saboda gubar da ta shiga haɗinshi ta lalata masu ƙoda, har NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa. Yawancin iyayen nan ba wani abu suke nema ba illa yaro ya yi shiru ya samu barci. Zuma kuma ba a ba yaron da bai shekara ba ko lasawa, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Dauri da jiƙe-jiƙe su ma a bari, ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki, ga hantar ɗan sati biyar.

Beli kau, ki roƙi Gwaggo da girman Allah ta bar maganar. Kowane ɗan Adam da belinshi aka halicce shi, yana taimakawa wajen haɗiya, ba ya sa kuka, ba ya hana shan nono. Abin da muke karɓa bayan an cire shi ne jinin da ya ƙi tsayawa har sai an yi ƙarin jini, ko jinin ya sarƙe yaro ya shiga huhu, ko ciwon ya hana shi tsotso, ko cutar sarƙe haƙora da ciwon hanta daga ƙarfen da aka yi ma wani aiki da shi. Haka tsaga a ciki. Na san za a kawo maki misali, ɗan wance da aka cire mashi ya bar kuka. Ki tambaya yana wata nawa aka yi. Kusan kullum sai kuka ya kai maƙura ake kiran wanzami, wato daidai lokacin da dama zai fara sauka da kanshi, sai yabon ya tafi wajen aska. Duk maganin da aka ba yaro a wata na biyu zuwa na ukku haka yake cin wannan sunan a banza.

Masu cewa iska ce don da magariba yake yi, ni ba na faɗa da addu'a, ni ma ina yi ma nawa. Ya tabbata a hadisi a tsare yara a gida in dare ya fara shigowa, ki shigo da shi ɗaki, ki yi mashi addu'ar neman tsarin da Annabi (SAW) ke yi ma Hasan da Husaini, ki karanta ki tofa a hannu ki shafa mashi, ko ba komai ke ma zuciyarki za ta natsu kuma yaro na jin natsuwar mai riƙe da shi. Inda nake tsayawa shi ne ɗura mashi rubutu ko turara shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki. In an kawo rubutu ke ki sha.

Sai ke kanki. Kukan da kika ce kina yi ba abin kunya ba ne, kukan jariri an yi shi ne don ya hana babba sukuni, ga rashin barci. Akwai lokacin da za ki ji ranki ya ɓaci da shi har ki ji kamar ki girgiza shi ya yi shiru, iyaye da yawa suna jin haka ba su dai faɗa. Da kin ji alamar haka ki kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida minti goma, ki sha ruwa ki yi alwala, kuka na minti goma ba zai yi mashi komai ba. Girgiza ta 'yan daƙiƙu kau tana iya tsinka jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarshi, ta bar shi da makanta ko farfaɗiya ko ta kashe shi, saboda kan jariri nauyi gare shi wuyan kuma babu ƙarfi. Wannan maganar ki faɗa ma duk mai ɗaukarshi, ƙannenki da 'yar aiki da babanshi, har da masu cilla yaro sama da sunan wasa. In kuma kin ga baƙin ciki ya zauna maki fiye da sati biyu, ba ki jin daɗin komai, ba ki iya barci ko shi ya yi, ko tunanin cutar da kanki ko shi yana zo maki, ki faɗa ma ma'aikaciyar lafiya kai tsaye, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma ana maganinshi.

Akwai wani abu da nake so gidanku su duba tun yanzu. Kwana arba'in saura kwana biyu ne ya cika sati shidda, wato ranar da za a yi maki kitso da lalle a maida ki ɗakinki ita ce daidai lokacin da kukan ya fi tsanani. A bar gida mai hannu biyar a koma daga ke sai shi, ga girki ga shara ga maigida na jiran a dawo mashi da amarya. In da hali a ƙara maki sati biyu ko ukku a gida, in babu ki tafi da ƙanwa ko wata dattijuwa ta zauna maki zuwa ya cika wata ukku. Ki juya aikin gidan, tuwon dare a gama shi da azahar a zuba a kula, ki yi wanka ki ci abinci kafin la'asar, in ya yi barcin rana ki kwanta ke ma, wanke-wanke ya jira safe. Malam baban yaro, in wannan ya iso gare ka, kuɗin madarar nan ka sayo mata nama da kayan marmari da su, sannan in an sallame isha'i majalisa ta yi haƙuri da kai na wata ɗaya, ka zo ka karɓe shi ka yi ta zagaya tsakar gida da shi a kafaɗa ita ta samu ta runtsa. Sau da yawa ma yaro ya fi lafawa a hannun wanda ba ya ƙamshin nono.

A satin nan mai zuwa ne kuma rigakafinshi na sati shidda, sai na sati goma da na sha huɗu. Kada kukan ya sa ki ɗaga. Yana iya ƙara rigima da ɗan ɗumin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, ki tambayi mai yin ta abin da za ki yi in hakan ta faru, ki kuma ce a ɗora shi a sikeli a rubuta a kati, ki gaya masu maganar kukan su duba shi gaba ɗaya tunda kin riga kin je. In nauyin bai hawa, ko kukan ya bar yamma ya koma dare da rana, ko ya wuce wata huɗu zuwa biyar bai ragu ba, tau a nan za a sake lissafi, ki kai shi wajen likitan yara da katin a hannunki.